Ciwon dajin mama: ina watannin suke tafiya?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, sai a fito da riguna da huluna ruwan hoda, a yi tattaki a manyan birane, matan gwamnoni su yi jawabi, gidajen rediyo su yi ta nanata saƙo guda: mata ku riƙa duba mamanku. Ba ni da ja a kan saƙon. Abin da ke damuna shi ne yadda ya ɗora nauyin gaba ɗaya a kan yatsun mace, sai ka ce da zarar ta ji ƙulli magana ta ƙare. Ka tambayi likitocin tiyata da ke aiki a manyan asibitocin Kano ko Zariya ko Sakkwato, za su gaya maka yawancin matan da ke zuwa musu da ciwon da ya riga ya ci jiki su da kansu suka fara jin abin, wata da watanni kafin su iso, wasu ma sun haura shekara. Mai ɗaki ta san inda yake mata yoyo tun da wuri. Watannin da ke biyo bayan wannan sanin su ne suke cinye mana mata, kuma a kansu ya kamata a yi hayaniyar.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna mata kusan miliyan 2.3 ne aka gano suna da ciwon dajin mama a faɗin duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Najeriya kaɗai an ƙiyasta sababbin masu ciwon sun haura 30,000 a wannan shekarar, waɗanda suka rasu kuma sun haura 16,000, kuma babu wani nau'in daji da ya kai shi yawa a ƙasar. Dubi wannan lissafin da kyau: a kan kowace mace biyu da aka gano, ana binne ɗaya. A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 suna nan da ransu bayan shekara 5 da gano ciwon. A Indiya 66 ne, a Afirka ta Kudu 40. Ciwon iri ɗaya ne, magungunan farko ma iri ɗaya ne. Bambancin yana wurin matakin da mace take isa asibiti da kuma ko ta samu ta kammala magani. Likitoci sun kasa ciwon mataki 4. A mataki na 1 da na 2 yana nan cikin mama ko bai wuce hammata ba, kuma yawanci ana warkewa. A na 4 ya riga ya tafi ƙashi ko huhu ko hanta, sai dai a rage zafi a ja kwana. Matanmu galibi a na 3 da na 4 suke isowa.

Kafin in shiga batun watannin, bari in faɗi gaskiya a kan rigakafi, don ana yawan cika baki a kansa. Wannan ciwo ba shi da allurar rigakafi irin ta dajin bakin mahaifa. Kusan rabin matan da yake kamawa ba su da wani dalili da za a nuna ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. Akwai abubuwan da ke rage haɗarin, kuma sun cancanci a faɗe su: kauce wa ƙiba, musamman bayan mace ta daina al'ada, motsa jiki, nisantar giya da taba. A nan dole mu kalli kanmu, mu da muka mayar da teɓa alamar jin daɗi har 'yan mata suna shan sha-ka-fashe don su cika ido, matar aure kuma idan ta ce za ta fita ta taka ƙafa da safe a ce ta fara yawo. Shayarwa ma tana kare mace. Wani babban bincike da aka wallafa a 2002 ya nuna duk wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Sai dai kashi 4 ragi ne kawai, kuma a nan tarkon yake. Na sha jin ana cewa ai ciwon 'yan boko ne masu ba wa yara madarar gwangwani. Ɗakunan jinya cike suke da iyayen yara bakwai da takwas waɗanda suka shayar da kowane ɗa har yaye. Maganar cewa ajiye kuɗi ko waya a rigar mama na kawo shi, ko cizon yaro, ko kuma wai tsotson miji na hana shi, duk babu binciken da ya tabbatar da su, kuma suna ɗauke hankali daga abin da ya kamata a lura da shi.

Wanda ya kamata a lura da shi shi ne gado. Idan mahaifiya ko 'yar'uwa ko goggo ta yi ciwon mama ko na ƙwan mahaifa, musamman tun tana da sauran ƙuruciya, to sauran matan gidan suna bukatar a fara duba su da wuri. Kuma ta wajen uba ma ana gadonsa, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Shikago a Amurka, ta shafe shekaru tana bincike tare da likitocin Ibadan, kuma aikinsu ya nuna matan Najeriya masu wannan ciwo suna ɗauke da lahanin gado na BRCA1 da BRCA2, wato ƙwayoyin halittar da lalacewarsu ke ƙara haɗarin wannan ciwo, da yawan da ba a zata ba, sannan nau'in ciwon mai saurin yaɗuwa ya fi yawa a cikinsu idan aka kwatanta da Turawa. Amma ta ina yarinya za ta san tarihin gidansu alhali abin da aka gaya mata kawai shi ne Inna ta rasu bayan doguwar jinya?

To ina watannin suke tafiya? Na farko suna tafiya ne a kan cewa abin ba ya ciwo. Mu a wurinmu abin da ba ya zafi ba ya kai mutum asibiti, shi kuwa wannan ƙulli a farkonsa yawanci shiru yake, ba zafi ba zogi. Rashin zafin ne ma ya kamata ya tayar da hankali. Haka idan kan nono ya koma ciki alhali da ba haka yake ba, ko yana fitar da jini, ko fatar wurin ta lotsa ko ta yi ƙananan ramuka irin na ɓawon lemo, ko kaluluwa ta fito a hammata ta ƙi tafiya. Mai goyo kuwa tata ta fi wuya, domin duk abin da ta ji sai a ce nono ne ya kwanta, a gasa da ruwan zafi. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma taurin da ya wuce mako biyu ana magani bai saki ba, ya wuce batun gashi da tsumma.

Daga nan sai kunya ta ci nata rabon. Wa za ta gaya wa? Sai ta raɗa wa ƙawa ko yaya, su kuma su raka ta kemis, mai kemis ya haɗa mata ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta ba tare da ya ga abin da ake magana a kai ba. A sha, a jira, a canja wasu. Idan bai tafi ba sai wata tsohuwa ta duba ta ce ai wannan daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, kada a kuskura a bari allura ko wuƙa ta taɓa shi. Wannan jimla guda ta kashe mata fiye da yadda za a iya ƙirgawa, amma ba na son a yi mata dariya, domin tsohuwar ba ƙarya ta ƙaga ba. Abin da idonta ya gani take faɗa. Ta ga an kai wata asibiti, an yanke mama, bayan wata huɗu an yi jana'iza. Abin da ba ta gani ba shi ne matar ta shekara biyu ana shafa mata magani a gida, kuma ciwon ya riga ya kai huhu kafin wuƙa ta taɓa ta. Jinkiri ne ya jawo mutuwar, mutuwar ta ƙara wa maƙwabta tsoron asibiti, tsoron ya haifi wani jinkirin a gidan gaba. Allurar da ake sa wa a ɗebi ɗan nama don a duba shi a ɗakin gwaji ba ta watsa ciwon. Ita ce ma kaɗai hanyar da za a tabbatar ko daji ne ko ba shi ba ne, kuma a cikin ƙulle-ƙullen mama goma, kusan tara ba daji ba ne. Mata da yawa suna shekara cikin fargaba da kashe kuɗi a wurin masu magani a kan abin da gwaji ɗaya zai ce musu su je su kwanta da hankalinsu.

Ba na raina addu'a, ba na raina zuma da habbatus sauda. Wanda ya yi tofi ya yi ibada. Amma mai kanti ko mai lasifika a kasuwa da zai kalli mace mai ƙulli ya ce mata kada ta je asibiti, ta ba shi wata uku zai narkar da shi, wannan ya ɗauki alhakin rai, kuma ya kamata hukuma ta ɗauke shi a haka. Hadisi ingantacce ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, bai kuma ce maganin ba zai zo ta hannun likitan tiyata ba. Malamai sun daɗe da bayyana cewa idan babu likita mace, lalura ta halatta namiji ya duba. Abin da ya rage shi ne a ji wannan daga kan mumbari ranar Juma'a, da sunan ciwon ƙarara, a wurin da maza suke zaune.

Na ce wurin da maza suke zaune domin a ganina babban kuskuren gangamin Oktoba shi ne mata kaɗai yake yi wa magana. A gidajenmu da yawa mace ba ta fita sai da izini, ba ta da kuɗin mota sai an ba ta, ba a yi mata aiki sai miji ya sa hannu. Ka cika mata kunne da wayar da kai, ka bar wanda makullin yake hannunsa bai ji komai ba, me ka yi? Mu maza muna da hanyoyin jinkirta abu ba tare da mun ce a'a ba: bari a yi albashi, bari a cire amfanin gona, bari Hajiya ta dawo a ji ta bakinta. Kuma akwai tsoron da matan ba sa furtawa a gabanmu. Sun ga abin da ya faru da wadda aka cire wa mama, yadda miji ya ƙaurace wa ɗakinta, ko ya ƙaro aure tana kan gadon jinya, ko ya ce ta je gida ta warke tukuna. Macen da ta ga haka za ta gwammace ta ɓoye ƙullinta har ya fashe. Malam, idan iyalinka ta ce maka ta ji wani abu a ƙirjinta, ka sani ta daɗe tana juya maganar a ranta kafin ta iya buɗe baki. Amsar da ka ba ta a daren nan tana cikin maganin. Ga kuma abin da ya kamata ka sani: idan aka zo da wuri, sau da yawa ƙullin kawai ake cirewa a bar maman, a bi da gashi na na'ura, wato hasken da ake kashe ragowar ƙwayoyin dajin da shi. Jinkirin da ake yi don gudun yanka shi ne yake wajabta yankan.

Sai dai zalunci ne a tsaya a kan mata da mazajensu, domin wasu watannin a cikin asibiti suke ɓacewa. Akwai matan da suka yi duk abin da rediyo ya ce, suka je ƙaramin asibiti a makon farko, aka rubuta musu ƙwayoyi aka ce su dawo idan bai tafi ba, suka dawo aka sake rubuta wasu. Akwai waɗanda aka cire musu ƙulli a wani asibitin kuɗi, aka nuna musu shi a cikin kwano, aka jefar ba tare da an kai ɗakin gwaji ba, sai bayan shekara abin ya dawo da ƙarfinsa. Akwai waɗanda aka ɗebi naman, amma sakamako ya ɗauki makonni saboda likitocin da ke karanta irin wannan gwaji 'yan kaɗan ne, ga yajin aiki, ga layi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri kan wannan ciwo a 2021, ta kuma sa ma'auni uku masu sauƙin riƙewa: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu ciwon a mataki na 1 ko na 2, a kammala duk gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sannan kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu. Wannan kwana 60 ɗin shi nake so in ji ana tambayar kowane kwamishinan lafiya a kansa. Mace ta shiga asibitin ƙauyenku yau da ƙulli, ranar yaushe za ta riƙe takardar sakamako a hannunta?

Duk lokacin da aka taso da wannan batu sai wani ya ce a sayo na'urar hoton mama a raba wa jihohi. Na'urar tana da amfani, kuma duk macen da ta haura 40 da ke da halin yin hoton ta yi. Amma a matsayin tsarin ƙasa, ban ga hikimar fara gini daga nan ba. A Turai da Amurka ana kiran mata masu lafiya ne a ɗauke su hoto don a kama abin da hannu bai isa ya ji ba. Mu kuwa wanda hannu ya ji, ido ma ya gani, shi muka kasa kaiwa ga magani. Ƙari a kan haka, yawancin masu ciwon a nan 'yan shekara 40 da wani abu ne, da yawa ma ba su kai ba, kuma a wannan shekarun naman mama yana da kauri, hoton ba ya nuna komai da komai sarai, sikanin ya fi taimakawa wajen duba ƙullin da aka ji.

Bincike biyu sun taimaka mini wajen tsayar da ra'ayi. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an koya wa ma'aikatan masaƙu mata yadda za su riƙa duba kansu, a binciken da ya ƙunshi mata sama da 260,000, sakamakon da aka fitar a 2002 kuma ya nuna koyarwar ita kaɗai ba ta rage mace-mace ba. A Mumbai ta Indiya kuwa, asibitin Tata ya horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa, waɗanda ba likitoci ba, suna duba mata da hannu duk shekara biyu, suna kuma tura wadda aka ji wa wani abu asibiti kai-tsaye. An bi mata sama da 150,000 tsawon shekara 20. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna an riƙa kama ciwon a matakin da bai yi nisa ba, kuma mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a tsakanin matan da suka kai 50. A ƙasa da wannan shekarun ba a ga irin wannan ragin ba, kuma wannan abin lura ne gare mu da ciwon ke kama matasa. Duk da haka darasin a fili yake: hannun da aka horar, da hanyar da aka share daga wannan hannun zuwa asibiti, su suka yi aikin.

Muna da irin waɗannan hannuwa. Matan da suka bi gida-gida da ɗigon shan inna har aka tabbatar da Najeriya ta rabu da cutar a 2020 sun san kowane zaure a unguwanninsu. Malaman asibiti mata da ke awon ciki da rigakafin yara suna ganin iyaye mata kullum. Ungozomomi suna shiga inda likita ba zai taɓa shiga ba. A koya musu duba mama da hammata yadda ya kamata, a ba su takardar turawa da babban asibiti zai girmama, a ware rana guda a mako da mai ƙulli za ta samu dubawa da sikanin da ɗibar nama a zuwa ɗaya.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: gano ciwo ba tare da halin magani ba azaba ce. Kemo, wato maganin daji mai ƙarfi da ake sa wa ta jijiya, ana yin sa zagaye shida zuwa takwas, yawanci duk mako uku, kowane zagaye da kuɗinsa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024. Gashi kuwa kusan kullum ake yin sa na tsawon makonni, kuma na'urorin 'yan ƙalilan ne, mace daga ƙauyen Jigawa ko Yobe sai ta nemi masauki a wani gari ita da mai jinya. Jamhuriyar Nijar sai a 2021 ta samu cibiyar gashi ta farko a Yamai. An ɗan motsa a 'yan shekarun nan. Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa galihu masu dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza a 2021, ya fara da asibitoci 6 ciki har da na Zariya da Gombe da Abuja, sannan a 2025 an buɗe sabuwar cibiyar daji a asibitin koyarwa na Katsina. Bai isa ba, kuma mutane da yawa ba su ma san da asusun ba. Amma batun tsadar ma hujja ce ta zuwa da wuri, domin ƙaramin ciwo ya fi arha. Wata aiki ne da ƙwayar tamozifen da za ta riƙa sha kullum na shekara 5 ko fiye, ƙwayar da ba ta da tsada sosai, su ne ginshiƙin maganinta. Wadda ta zo a makare ita ce ake sayar da gona da shanu a kanta, kuma a ƙarshe a rasa duka.

Akwai abu ɗaya da ba ya bukatar kasafin kuɗi. Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda daga baya mijinta ya zama gwamnan Ondo, ta yi wannan ciwo a 1997, aka yi mata aiki a Ibadan, ta warke, ta kafa ƙungiya, ta yi ta faɗa da bakinta shekara da shekaru. A Arewa muna da masu fafutuka irin su Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu da gidauniyarta, amma waɗanda suka warke da kansu ba a cika jin muryarsu ba. Suna nan a cikinmu, suna zuwa biki da suna, sun aurar da 'ya'ya bayan aikin, sai dai dangi sun rufe maganar don kada a ce gidan su wane akwai daji a ƙi auren 'ya'yansu. Saboda haka unguwa take sanin waɗanda suka mutu kaɗai, tsohuwar nan kuma ta ci gaba da riƙe hujjarta. Ban ce a tilasta wa kowa tona sirrinta ba. Amma mace ɗaya da za ta zauna a makarantar Islamiyya ta matan aure ta ce ni ƙarfe ya taɓa ni shekara goma da suka wuce, ga ni, ta fi allon talla ɗari.

Ga wadda ta riga ta ji wani abu yanzu, ko wanda iyalinsa ta gaya masa: a wuce kemis, a nufi babban asibiti a cikin makon nan. Idan an rubuta ƙwayoyi kuma mako biyu suka wuce abin yana nan, a koma a nemi sikanin da ɗibar nama, ko takardar turawa gaba. Idan kuma an ce za a cire ƙullin, a tambaya tun kafin a shiga ɗakin tiyata wane ɗakin gwaji za a kai shi, da ranar da za a zo a karɓi sakamako a rubuce.